Ɗumin Tekun Peru da Damunarmu

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan binciken masana game da ɗumamar ruwan tekun Pasifik a gaɓar Peru, wato El Niño. Wani zai ce ina ruwan manomin Katsina da Kudancin Amurka.

To, da ruwansa. Masuntan Peru ne suka fara lura da abin, don kifi kan ƙaurace musu idan ruwa ya ɗumama. Daga baya masana suka gano yakan rage damunar Sahel. A 1972 an yi El Niño mai ƙarfi, mu kuma geronmu ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta faɗuwa.

Ina roƙon ku riƙa buga hasashen damuna na NiMet, wato hukumar kula da yanayi ta Najeriya, da Hausa tun kafin shuka, tare da bayanin irin da ya dace.

Naku,
Mai karatu daga Katsina