A daina kashe kulɓa, ba ta da dafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan kulɓa, saboda abin da ake mata nan Tawa ya isa haka. Yaro ya ganta tana sheƙi a gindin katanga sai ya rarumi dutse, manya ma na zuga shi, wai ƙanwar maciji ce, wai in ta ciji mutum sai kabari. Wallahi ba ta da dafi ko kaɗan, in ka kama ta iyakarta ta ɗan cije ka ko ta yar da wutsiya ta gudu, wutsiyar na ta mutsu-mutsu a ƙasa, daga baya wata ta tsiro.

Maganar ƙanwar macijin ma, masanan da suka binciki ƙwayoyin halitta sun gano damo da guza da hawainiya har da ƙadangaren nan mai jan kai sun fi kulɓa kusanci da maciji. Santsin jiki da gajerun ƙafafu ne kawai suka ja mata. Danginta sun haura iri 1,500 a duniya, ciki har da wadda ke nutsewa cikin rairayin Sahara tana iyo ƙarƙashinsa, akwai kuma wata a tsibirin Fernando de Noronha na Brazil wadda bincike ya nuna kakanninta daga Afirka suka tsallaka teku.

To mi take ci? Gara, gyare, ƙananan fara, kyankyaso, tsutsa. Duk mai aikin garka, ko masu noman albasa na wajen Galmi, ya san yadda take kutsawa ƙarƙashin busasshen ganye tana farauta da hantsi, wato aikin da muke sayen magani da tsada don a yi mana ita tana yinsa kyauta, mu kuma mu fesa maganin ya kashe ƙwarin ya kashe ta, shekara ta zagayo mu ce ƙwari sun yi yawa.

Haihuwarsu ce ta fi ba ni mamaki. Mai ratsi biyar ɗin nan da 'ya'yanta ke da shuɗiyar wutsiya ƙwai take sakawa cikin ƙasa mai damshi ko ƙarƙashin dutse, shi ya sa in ana kwashe tsohon bulo ake ganin ƙananan fararen ƙwai masu taushin ɓawo, mutane su ce na maciji ne su farfasa. Amma wasu danginta ba sa ƙwai sam, haihuwa suke, na Kudancin Amurka ma har da mabiyiya da ke ciyar da ɗan a ciki kamar na akuya.

Ina roƙon jaridarku ta riƙa ware ɗan shafi kan dabbobin da ke tsakar gidanmu, malaman lakwal kuma su nuna wa yara hoton kulɓa da na kububuwa gefe da gefe, don kububuwar ce ke kai mutane asibiti lokacin damina.

Naku,
Wani mai karatu daga Tawa