Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Josh Shapiro kan wutar Centralia

Mai Girma Gwamnan jihar Pennsylvania, muna gaisuwa tare da fatan alheri.

Maganar Centralia ce ta sa muka rubuto, ƙauyen nan na gundumar Columbia da ke tsakanin Mount Carmel da Ashland, inda hanya mai lamba 61 ta haɗu da mai lamba 42. Ranka ya daɗe, tun ranar 27 ga Mayun 1962 wuta ke cin kwal a ƙarƙashin ƙasar wannan wuri, kuma matsayin jiharka har gobe shi ne a zuba mata ido ta ci ta gaji. Wannan matsayi ne muke roƙon ka sauya.

Ka san garin ba kufai aka same shi ba. Injiniya Alexander Rae ne ya shata titunansa, aka fara haƙar kwal a 1856, ya zama gari mai majalisarsa a 1866. A ƙidayar 1890 mutum 2,761 ne a ciki, da coci bakwai da otal biyar da banki da gidan waya. A 1980 akwai sauran mutum wajen dubu. A ƙidayar 2020 mutum biyar aka samu. Titunan suna nan da kwaltarsu, da matakalan siminti da a da ake hawa a shiga gida, yanzu sai ciyawa da itatuwa a bayansu.

Abin da ke ci mana rai shi ne wannan wuta ba ta fi ƙarfin mutane ba a farkonta. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne majalisar gari ta sa 'yan kwana-kwana su ƙone jujin da ke cikin wani tsohon ramin haƙar kwal kusa da maƙabartar Odd Fellows, don a tsabtace wurin kafin ranar tunawa da sojoji. A gindin ramin akwai wata kafa mai faɗin ƙafa 15 da ba a toshe da abin da ba ya ƙonewa ba, ta nan wutar ta zarce cikin tsofaffin hanyoyin mahaƙa. A makonnin farko aka ce za a iya tone ta da injin haƙa a kan dala 175, aka tsaya bin ofis-ofis. Da aka ba da kwangila a watan Agusta, ba a bar ɗan kwangilar ya huda ƙasa ya gano iyakar wutar ba, sai dai ya bi hayaƙi da ƙiyasi. Aikin rana kawai ake yi, a tashi a ranakun hutu, ita kuwa wuta ba ta san hutu ba. Kuɗi suka ƙare a ƙarshen Oktoba, tana gaban masu haƙa. Aka koma ɗura dakakken dutse da ruwa ta cikin bututu don a cike ramukan da ke gabanta, sanyin hunturu ya daskarar da bututun da injin niƙa dutsen, aka watsar da aikin a Maris ɗin 1963. A 1969 aka gwada katangar toka irin ta tashoshin lantarki, ita ma ba ta tare ta ba. Duk lokacin da aka tashi, sai a zo a makare da kuɗin da ya dace da girman wutar bara.

Yanayin ƙasar ne ya sa jinkiri yake da tsada haka. Kwal ɗin wannan yanki mai tauri ne, ba ya saurin kamawa, amma idan ya kama yakan daɗe yana ci da zafi mai tsanani. Shimfiɗunsa ba a kwance suke ba, sun lanƙwashe tare da duwatsun Appalachia, sun yi gangare mai tsini. Shekara ɗari na haƙa sun bar hanyoyi a ciki ta ko'ina, sannan a zamanin karayar tattalin arziki na shekarun 1930 masu haƙar bayan fage sun rairaye ginshiƙan kwal da aka bari su tallafi rufin ramuka. Rufi ya rufta, dutse ya tsattsage har sama. Kowace tsaga ƙofar iska ce: iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa-ƙasa, mai zafi ta fita ta tudu, wutar ta sami zugazugi ba tare da mai zuga ba. Ruwa ba ya kashe ta, don tsofaffin magudanan da aka haƙa domin janye ruwa daga mahaƙa suna kwashe shi, kuma dutsen da ya yi zafi yakan riƙe zafinsa shekaru, da iska ta dawo sai kwal ya sake kamawa. Wutar ƙaiƙayi ke nan, sama lafiya, ciki jajir. An ƙiyasta tana ci har zurfin ƙafa 300, kuma kwal ɗin da ke wurin zai iya riƙe ta shekara 250.

Mutanen garin sun ɗanɗana. A 1979 mai gidan mai ya auna fetur ɗin da ke tankinsa na ƙarƙashin ƙasa, ya tarar zafinsa ya kai maki 78 a ma'aunin Selshiyas. A Fabrairun 1981 ƙasa ta burma da yaro ɗan shekara 12 a bayan gidan kakarsa, rami mai zurfin ƙafa 150 yana fitar da tururi mai guba. Saiwar itace ya riƙe har ɗan'uwansa ya jawo shi. Binciken 1983 ya ce tone wutar baki ɗaya zai ci dala miliyan 663, majalisar dokokin Amurka ta ba da miliyan 42 a tashi mutane. Gwamna Bob Casey ya karɓe filayen da ikon doka a 1992, aka soke lambar gidan wayar garin a 2002, a 2013 aka sasanta da mutum bakwai cewa su zauna a gidajensu iya rayuwarsu. Byrnesville da ke maƙwabtaka an share ta gaba ɗaya. An kwashe mutane ke nan, wutar kuwa ko taɓa ta ba a yi ba.

A da uzurin shi ne babu kuɗi. Yanzu dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta ware dala biliyan 11.3 don gyaran tsofaffin mahaƙan kwal cikin shekara 15, kuma jiharka ce ta fi kowa kaso, wajen dala miliyan 245 a shekara. Kai ne ka gurfanar da kamfanin gas saboda gurɓata rijiyoyin mutanen garin Dimock lokacin kana Antoni Janar. Kai ne ka buɗe babbar hanyar I-95 cikin kwana 12 bayan gadarta ta rushe a 2023. Sashe na 27 na babi na ɗaya na tsarin mulkin jiharka ya ce iska mai tsabta haƙƙin jama'a ne, har da waɗanda ba a haifa ba. Don Allah, Ranka ya daɗe, wannan sashe bai ware gundumar Columbia ba.

Ba mu ce a tone duwatsun duka ba. Ka umarci ma'aikatar kare muhalli ta huda sabbin ramukan gwaji a gaban kowane bakin wutar, ta auna zafi da iskar gas, ta fitar da taswira kowace shekara yadda mutanen Mount Carmel da Ashland za su gani da idonsu. Inda awo ya nuna tana tafiya, a haƙa gwalalo a gabanta, nesa da inda zafi ya kai, a ratsa shimfiɗar kwal har ƙasa, a cike da yumɓu a daddanne. A yi aikin dare da rana, kuma a ajiye kuɗinsa cif kafin a soma, don gwalalon da aka bari rabi sabuwar ƙofar iska ce. A Carbondale, cikin jiharka, da haƙa aka kashe irin wannan wuta.

Sai maganar shara. Mutane suna zuwa da motoci suna jibge tayoyi da katifu da tarkacen gini a titunan da babu kowa, masu aikin sa-kai ne ke kwashewa shekara-shekara. Juji a kan ƙasar kwal shi ne ya jawo wannan masifa tun farko, kuma filin na jiha ne, tsaronsa a wuyanka yake. A sa shinge da kyamara da tara mai ciwo. Maƙabartun garin suna nan, iyalai na zuwa ziyara, cocin 'yan Yukren da aka gina a 1911 a kan tudu har yanzu ana ibada a cikinsa. Hanyoyin zuwa waɗannan wurare su ma a riƙa auna ƙasarsu, a kafa alamar gargaɗi a duk inda take fitar da tururi.

Muna sauraron amsarka a kasafin kuɗi mai zuwa.