Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum. Iyayenmu maza da mata, yayyena da ƙannena, ga rahoton bara. Ya makara, na sani. Na yi ta jiran ma'aji ya rufe littafinsa, shi kuma yana jiran waɗanda suka ce masa "ƙarshen wata" tun watan Maulidi.

Tarukan wata-wata an yi su yadda aka saba, ban da na azumi da na Disamba da zaɓe ya cinye.

Bari in fara da abin da ya faranta mana rai, wato zaman da muka haɗa tsakanin mutanen unguwa da jami'an Asambile, wato majalisar ƙaramar hukumarmu a nan Accra ta Ghana, a filin makaranta, ranar wata Asabar bayan ƙaramar sallah, kafin ruwan Yuni ya kankama. Asalin abin kun san shi. An zaɓi sababbin asambilman, wato wakilan unguwanni a Asambile, da 'yan Yunit Kwamiti, ƙananan kwamitocin unguwa, ranar 19 ga Disamba 2023, muka ce tun suna da zafinsu a zaunar da su gaban jama'a, tare da waɗanda ke riƙe da takardu a ofis. Sau huɗu ni da shugaba muka taka zuwa ofishin kafin a tsayar da rana. Sharaɗi ɗaya muka kafe a kai: da Hausa za a yi. Wanda bai iya ba ya yi Turancinsa ko Tiwi, mu fassara. Iyayenmu mata sun gaji da zama ƙarƙashin rumfa ana yi musu Turanci awa biyu, a ƙarshe a ce su tafa.

Ranar kuwa fili ya cika har yara suka hau katanga. Limamai sun yi mana shela a masallatai ranar Juma'a, Magajiya ta bi gida-gida, Mai Unguwa ya zo da rawaninsa ya zauna tun daga addu'ar buɗewa har ta rufewa. MCE, wato shugaban ƙaramar hukuma, bai samu zuwa ba, amma ya turo jami'in kasafi, da na tsare-tsare, da shugaban duba-gari, waɗanda muke kira saman-saman. Da aka gabatar da na ƙarshen sai da fili ya ɗauki guna-guni, shi ma ya yi dariya.

Abin da mutane suka ƙaru da shi a wunin nan ya fi abin da muka yi shekaru muna faɗa a taro. Da yawa cikin dattawanmu har gobe komai AMA suke cewa, wato babbar majalisar birnin Accra, alhali tun 2018 aka yanka yankunan Ayawaso da Ablekuma da wasu daga jikinta aka ba su majalisunsu. Akwai wanda ya ce ya biya kuɗin mota har cikin gari ya kai ƙara, aka ce masa ya koma gida, ofishinsa na bayan gidansa. An bayyana cewa kashi 70 cikin 100 na 'yan majalisar mu ke zaɓensu, sauran Shugaban Ƙasa ke naɗawa, kuma shi ke kawo sunan MCE, sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka kaɗa ƙuri'a sun amince. An bayyana cewa asambilman ba ɗan albashi ba ne, ɗan alawus na zama yake samu a lokacin, don haka a rage kai masa takardar asibiti da katin suna. Wuta ta kamfanin lantarki na ECG ce, famfo na kamfanin ruwa ne, manyan kwatoci da manyan tituna kuma suna da nasu hukumomin na gwamnatin tsakiya. Namu asambilman ya ce da ya san haka za a wanke shi, da shi zai biya kuɗin lasifika.

Inda zance ya yi zafi shi ne kuɗi. Jami'in kasafi ya yi bayanin Kwaman Fon, kason da tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa majalisu, wanda ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, da kuma abin da Asambile ke tarawa da kanta: harajin gida, lasisin shago, tikitin kasuwa. Nan ne wata uwarmu mai sayar da koko da ƙosai ta miƙe, ta kwance bakin zanenta, ta fito da damin tikiti ta ɗaga sama. Ta ce kullum tana yanka, ba ta taɓa fashi ba, to ina kwandon sharar da kuɗinta ya saya? Fili ya kaure da tafi. Ni da nake fassara sai da na tsaya na haɗiye dariya kafin na juya maganar. Jami'in bai kauce ba. Ya ce duk shekara kafin a tsayar da farashin tikiti da lasisi ana kiran masu sana'a a ji ta bakinsu, ya nemi mu ba da sunayen wakilai. Mun ba da na mata biyu da tela ɗaya, kuma an kira su da lokacin ya zo. A sanina wannan ne karon farko da aka zauna irin wannan zama da mutumin unguwarmu a ciki.

Nan kuma jama'a suka ji cewa Dokar Ƙananan Hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ba kowa damar rubuta koke, kuma akwai kwamitin karɓar ƙorafi a cikin Asambile. Mun rubuta koke uku a madadin unguwa. Kwantenar shara da ke kusa da makaranta, wadda takan yi mako tana ambaliya, yanzu ana ɗauke ta kafin ta kai haka. Sauran biyun muna bibiya.

Godiya ta musamman ga matan da suka dafa waakye da sobolo daga aljihunsu, da samarin da suka kafa rumfa tun asuba. Allah Ya saka da alheri.

Yanzu sai maganar murfin kwata, wadda na san ita wasu suka buɗe takardar nan don su gani. E, mun yi alkawarin rufe kwatar layin masallaci, kuma ba mu gama ba. Rabi muka yi. Lokacin da birkila ya yi mana lissafi a farkon shekara, dala tana wajen sidi 12. Kafin shekara ta ƙare ta haura 16. Buhun siminti ya wuce sidi 100, rodi ma ya bi sahu. Kuɗin da muka ware bai motsa ba, kaya ne suka gudu suka bar shi. Muka zaɓi mu fara da wajen da yara ke tsallakawa zuwa makarantar allo, muka tsaya inda kuɗi ya tsaya. Masu cewa a dandalin WhatsApp "ina kuɗin kwata", rasit na nan wurin ma'aji, har na ƙusa. Abin da ya ba ni mamaki, biyu daga cikin masu yawan tambayar ban ga sunansu a shafin waɗanda suka ba da gudummawar ba.

Rajistar gidajen da ba su da bayan gida ita ma ta tsaya a hanya. Niyyarmu mu haɗa sunaye a shigar da su shirin GAMA na gina bayan gida mai rangwame, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa. Mutum takwas suka ɗaga hannu za su zagaya, uku suka fito. Ga shi gidajen gado ne da yawa: ka je, 'yan haya su ce sai mai gida, mai gida ya ce sai ya ji daga yayansa da ke Kumasi ko Jamus. Wasu kuma suna ganin biro da takarda sai su ɗauka saman-saman ne suka turo mu. Layi biyu kawai muka kammala.

Aikin gayya na yashe kwata mun yi sau uku. Fuskokin da aka gani a na farko su aka gani a na uku. Ba sai na tuna wa kowa daren 3 ga Yuni 2015 ba, da abin da ruwa da wuta suka yi a Circle, cikin garin Accra. Ledar da muke jefawa a ƙofar gidajenmu can take gangarawa ta toshe kogin Odaw. Amma mutum yana zaune a benci yana shan ataya, yana nuna mana inda muka bari.

Kuɗin wata. Sidi 10 ne, ba mu ƙara ba duk da tsadar nan. Waɗanda suka biya wata goma sha biyu cif ba su kai ɗaya cikin uku na sunayen da ke littafi ba, kuma yawancinsu mata ne masu ƙaramar sana'a. Mun buɗe momo, wato asusun tura kuɗi ta waya, don masu cewa ba su da lokacin zuwa taro, sai aka ce E-levy, harajin tura kuɗi ta waya na lokacin. To, a kawo hannu da hannu, sai aka ce an yi tafiya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin mota zuwa ofis, buga wasiƙa, hayar kujeru, duk daga nan suke fita, in babu kuma daga aljihun mutum biyar ko shida. Ni ba mai karɓar haraji ba ne, ina da shago ina da iyali, kuma na gaji da ganin babban mutum yana sauya layi don ya hango ni.

Daga Satumba kuma kamfe ya kwashe samarinmu. Ba mu hana kowa bin jam'iyyar NDC ko NPP ba, ra'ayinsa ne. Abin da muka hana shi ne shigowa taro da rigar jam'iyya, domin ranar da aka shafa wa ƙungiyar nan launi, rabin unguwa zai daina sauraronmu, ofis ma haka. Waɗanda suka yi fushi kan wannan, zaɓe ya wuce tun 7 ga Disamba, kujerunku na nan.

A bana kwamiti na son a maimaita zaman fili kafin damina, a ƙarasa kwata, a kuma tattauna shawarar cire sunan duk wanda ya yi shekara bai biya ba bai kuma aiko da uzuri ba. Wa'adina na sakatare zai ƙare a babban taro mai zuwa, kuma ina roƙo tun yanzu kada a ce "a ci gaba". Akwai yara masu digiri a cikinmu, su karɓi biro.

Kujerun roba goma sha biyu da aka ara don suna a watan Oktoba har yau ba su dawo ba. Wanda suke gidansa ya san kansa, a kawo su shagon ma'aji kafin Juma'a.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa