Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Muhalli: A Auna Ruwan Kafin A Kunna Kwal

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Daga Samaru nake rubuto maka. Duk sanda wutar ƙasa ta ɗauke sai a tado da zancen kwal ɗin Inugu da Okaba ta jihar Kogi da Maiganga ta jihar Gombe, a ce shi zai ba mu lantarki. Mu ma muna son wuta. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ba na jin ana maganar tokar.

Tokar kwal tana ɗauke da sinadarai masu illa irin su asanik da seleniyam da boron, hayaƙinsa kuma da zaiba. Ruwan sama ya wanke, ya gangara rijiya da fadama. Ranar da yara suka fara ciwo, kamfani zai ce ba shi ba ne, takin zamani ne, ko haka ƙasar take tun asali. Manomi da me zai ƙaryata?

Akwai da me. Yadda askar fuska ke nuna asalin mutum, haka boron da sitirontiyam na cikin tokar kwal ke da nasu zane, daban da na ruwa mai tsabta. A Disambar 2008, da madatsar toka ta ɓalle a tashar Kingston ta jihar Tenesi a Amurka, da wannan zanen masanan Jami'ar Duke suka bi sawun tokar cikin kogi. Sai dai hujjar ta fi ƙarfi idan an san yadda ruwan yake kafin a kunna tashar.

Shi ya sa nake roƙonka. Kada a ba kowane kamfani takardar izinin kunna tashar kwal sai an ɗebi ruwan rijiyoyin wurin, da ƙasar gonaki, da kwal ɗin kansa, an auna, an buga sakamakon kowa ya gani. Ba sai an kai Turai ba. Nan Jami'ar Ahmadu Bello, cibiyar binciken makamashi ta CERT tana da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, tana auna ƙarafan da ke cikin ƙasa da toka. Ma'aikatarka ta ba su aikin, ta ƙara musu na'urar da suka nema.

A 2018 Najeriya ta amince da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Minamata, ta yi alkawarin rage zaiba, har da ta tashoshin kwal. Wannan alkawarin yana wuyanka yanzu. Kuma ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda sai da aka binne ɗaruruwan yara kafin a gane dalma ce.

Don Allah, a fara ɗiban ruwan tun bana, a rani sau ɗaya, a damina sau ɗaya.

Naka,
Wani malamin kimiyya,
Samaru, Zariya.