Wasiƙa zuwa Damagaram kan kwamfutar da ke ɗaukewa

Assalamu alaikum, aminina.

Ina fata kana lafiya, da iyali da su Inna. Ƙaninka ne ya biyo ta shago ya ba ni labarin cewa kwamfutar da kake haɗa bidiyon biki da ita ta fara mutuwa ba sallama, har ta cinye maka aikin wata amarya, kuma wai ka riga ka yanke shawarar sake ɗora mata Windows. Na san ka da gaggawa tun muna makaranta, shi ya sa na rubuto kafin ka goge abin da bai yi maka laifi ba.

Ka fara lura da yadda take mutuwar. Idan shuɗin allo ne ke fitowa da lambar kuskure, to Windows ta sami sararin yin ƙorafi kafin ta faɗi, kuma zargi ya fi karkata ga RAM, wato ma'adanar wucin-gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ko wata direba, wato manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na kwamfutar. Idan kuwa allon ya ɗauke ɗif, fankoki suka tsaya, ko ta sake tashi da kanta, to a nan ne nake zargin akwatin wutarta, wato fawa-fak. A cikin Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, za ka tarar da saƙon Kernel-Power mai lamba 41, amma kada ka ɗauke shi a matsayin hujja, domin abin da yake nufi kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, ko da ɗanka ne ya taka waya haka zai rubuta.

Lokacin mutuwar ya fi wannan muhimmanci. Sa'ad da kake fitar da bidiyo, firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da katin hoto suna jan wuta tare daga layin volt 12 na fawa-fak, kuma tsohon fawa-fak da kafasitocinsa, wato sassan da ke tara wuta, suka gaji zai iya riƙe kwamfutar yini guda tana aikin rubutu, amma ya gaza da zarar nauyi ya hau. Don haka ka ɗora mata nauyin da gangan da manhajojin gwaji. Ka kunna Prime95 shi kaɗai don firosesa, sannan FurMark shi kaɗai don katin hoto, daga baya ka haɗa su. In ta jure kowanne a ware amma ta ɗauke da aka haɗa su, zargina ya yi ƙarfi ƙwarai. Sai dai ka bar manhajar HWiNFO a buɗe kana duba zafi, domin firosesa da ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 yakan rage gudu, in abin ya wuce nan ya kashe kansa, kuma a ido ba za ka bambanta wannan da mutuwar wuta ba. Da ƙurar garinku, ba zan yi mamaki ba in fankar ce ta toshe, musamman da yake na san rabonka da buɗe murfin nan tun ranar da muka sayo ta.

Idan kana da mitar awon wuta, ka auna a kan filogin nan mai ramuka huɗu da ke fitowa daga fawa-fak yayin da kwamfutar take aiki. Baƙar waya ita ce ƙasa, rawaya volt 12, ja volt 5, ta ruwan lemo kuma da ke kan babban filogi mai fil 24 volt 3.3 ce. Ƙa'idar ATX, wadda ake bi wajen ƙera fawa-fak, ta yarda da saɓanin kashi 5 cikin ɗari, wato rawaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25. In awon ya fita daga nan, magana ta ƙare, fawa-fak ne mai laifi. In bai fita ba kuma, fawa-fak ɗin bai wanku ba tukuna, saboda faɗuwar da ke kashe kwamfuta takan zo ta wuce kafin mita ta nuna. Dabarar haɗa koriyar waya da baƙa da masu gyara ke yi ma ba ta nuna komai sai cewa fawa-fak ɗin yana tashi.

Kada ka manta da wutar da ke shigowa. Ƙaninka ya ce kan ƙaramin janareta kake aiki, tare da firji a layi ɗaya. Ka gwada ta a kan UPS, akwatin nan da ke riƙe wa kwamfuta wuta, mai lafiyayyen batir, ka kuma cire tsohuwar wayar jonin nan, ka gani ko za ta daina. Da dare ka bar MemTest86 ya kwana yana gwada RAM daga filash, don a fitar da shi daga zargi.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne aro. Ka karɓi fawa-fak mai lafiya wanda ƙarfinsa ya kai naka ko ya fi, ka sa, ka maimaita aikin da ke kashe ta. Ina roƙonka don Allah kada ka kwance naka don leƙen ciki, domin manyan kafasitocinsa na riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi. In ta kama sai ka sayi sabo, ka karanta abin da takardar jikinsa ta ce layin volt 12 zai iya bayarwa, kada babbar lambar da aka buga a kwali ta ruɗe ka, kuma tambarin 80 Plus maganar tattalin wuta yake yi, ba shaidar ƙarko ba ne.

Ka aiko mini da hoton takardar da sunan katin hotonka. Ka gaida Inna da mai ɗakinka.

Naka,
amininka na Kano