Don Allah a daina dafa jan shayin Sin kamar ataya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan wani abu da nake yawan gani wajen 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin sarin kaya. Mutum zai dawo da tsarabar jan shayi cikin gwangwani mai kyau, ya kashe kuɗi ba kaɗan ba, amma da an zo sai a juye shi a buta a ɗora kan gawayi ya yi ta tafarfasa, a zuba siga, wani har da citta da kanumfari, an kurɓa an ji bauri sai a ce ai an cuce shi ne a can. Wallahi ba cuta, dahuwar ce ba tasa ba.

Ganyen da muke ataya da shi ma ai daga Sin yake zuwa, amma shi kore ne, ana tsinko shi ake gasa shi don kar ya canza launi. Shi kuwa ja, barinsa ake ya yi yaushi, a murza shi, a shimfiɗa iska ta ratsa shi har ya yi duhu, sannan a busar. Nan ƙamshin yake fitowa, kuma shi ne wuta take kashewa in an matsa masa.

Kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai Keemun na lardin Anhui da aka fara yi tun 1875, ƙamshinsa a hankali yake kamar na fure. Akwai Dianhong na Yunnan, za ka ga tsiron ganyen ruwan zinariya a ciki, ni dai shi na fi so, zaƙi-zaƙi gare shi kamar gasasshen dankali, ko siga ba ya buƙata. Sai Lapsang Souchong na duwatsun Wuyi a Fujian wanda ake busarwa da hayaƙin itacen pine, wannan kam ba kowa zai iya da shi ba gaskiya.

Haɗin ba wuya. Ruwa ya tafasa a sauke, a bari ya ɗan huce zuwa digiri 90 ko 95, a sa ganye kamar giram 5 a ƙaramar buta mai cin ruwa mililita 100, a zuba ruwan a kai, daƙiƙa 10 kacal a tsiyaye duka cikin finjali, kar a bar ruwa ya kwanta a kan ganyen. A sake zubawa, kowane zagaye ana ɗan ƙara lokaci, ganye mai kyau zai kai zagaye biyar ko fiye kuma kowanne da ɗanɗanonsa. In a babban kofi ne, ganye kaɗan da minti uku sun isa.

Ni ban ce a bar ataya ba, a'a, nima ɗan majalisar ataya ne. Amma mai son madara da siga cokali huɗu gara ya saya Lipton wajen mai shayi, ya bar mana gwangwanin.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Fagge, Kano.