Sanarwa ga ƴan uwa mazauna Makka

Assalamu alaikum. Alhazai sun fara sauka, unguwannin Misfala da Shara Mansur sun cika, sai na ga ya dace in yi mana tuni.

Tsohuwar da ta tsare ka tana neman hanyar masauki, wataƙila wannan ne karo na farko da ta bar ƙauyensu. Kada ka nuna mata da baki ka wuce. Ka ce mata Inna, ka tambayi garinsu, ka duba katin wuyanta, in da hali ka raka ta.

Abin da ya fi damuna shi ne masu share Harami da masu cika tulunan Zamzam. Kullum muna gifta su cikin zafin da ke haura digiri 40, amma mu nawa ne muka san sunan ko ɗaya? Yawancinsu sun baro iyali a Bangaladash ko Pakistan. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10, amma Manzon Allah bai taɓa ce masa tir ba.

Matasanmu masu tura keke a Safa da Marwa, don Allah ku riƙa tambayar dattijo ko ya gaji kafin ku ƙara sauri.

Allah ya karɓi ibada.